Matakalar lantarki: sauƙin hawa da aikin da ke ƙarƙashinsa

Duk inda jama'a ke taruwa a gini mai hawa-hawa, ko filin jirgin sama ne, ko babban kanti, ko tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, abin da ke damun mai zanen ginin shi ne yadda zai kai dubban mutane daga wannan bene zuwa wancan ba tare da sun cushe a gindi ba. Lif yana da amfani, amma yana da ƙofa, yana da jira, kuma abin da zai ɗauka a sawu ɗaya bai taka kara ya karya ba. Matakalar lantarki, wadda wasu ke kira eskaleta, ba ta rufe ƙofa, ba a jiranta. Ba sai mutum ya iya karatu ba, ba sai ya danna lamba ba. Ya taka, ya riƙe, ya iso. Tsoho mai ciwon gwiwa, da mai juna biyu, da wanda ya yi awa goma a jirgi, duk sun san darajar wannan daƙiƙa ashirin da ƙafa ke hutawa.

Daƙiƙa ashirin ɗin lissafi ne. Yawancin matakalun da ake sa wa a kantuna da filayen jirgi suna tafiya rabin mita a daƙiƙa, a kan gangaren digiri 30. Idan tsakanin bene da bene mita 5 ne, tsawon gangaren mita 10 ke nan, wato daƙiƙa 20, da ɗan ƙari a baki da baki. Ƙa'idar Turai da ake kira EN 115 ta yarda a kai gangaren digiri 35, amma sai idan tsayin bai wuce mita 6 ba kuma gudun bai wuce rabin mitar nan ba. A tashoshin jirgin ƙasa akan ƙara gudun zuwa mita 0.65 ko 0.75. Faɗin mataki kuwa iri uku ne: milimita 600 na mutum ɗaya, 800 na mutum da jakarsa ko yaronsa, 1000 na mutum biyu kafaɗa da kafaɗa.

Da yake zurfin kowane mataki wajen santimita 40 ne, matakai 4,500 ke wucewa a awa ɗaya. Idan kowanne ya ɗauki mutum biyu, an sami 9,000. A takarda ke nan. A zahiri mutane ba sa son mannewa da bayan wanda ba su sani ba, sukan bar mataki ɗaya, wasu kuma sukan ɗan ja tunga a baki kafin su taka. Shi ya sa ƙa'idar ta tsaya a kan mutum 6,000 a awa ga mai faɗin 1000, da 4,800 ga mai 800, da 3,600 ga mai 600. Ko a hakan, lif nawa za a jera kafin a kamo ta?

Asalinta daga Amurka ne. Jesse Reno ya yi rajistar tasa ƙirƙirar a 1892, aka kafa ta a wurin shaƙatawa na Coney Island da ke New York a 1896. Ba ta da matakai, bel ne mai gangara da aka yi wa tsaga-tsaga. Charles Seeberger shi ya zo da mai matakai, ya haɗa kai da kamfanin Otis, suka nuna ta a baje kolin Paris na 1900. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan sun sami tasu ta farko a tashar Earl's Court a 1911. Wadda muke hawa yau haɗin biyun ce: matakan Seeberger, da tsagar Reno.

Abin da ke ƙarƙashin farantin

Wanda ya ga matakala daga waje zai zaci matakan ne ke hawa da kansu. Matakan jan su ake yi. Dukansu a ɗaure suke da sarƙa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma sarƙar zagaye take yi kamar ta keke: rabi a sama inda muke takawa, rabi a ƙasa tana komawa da matakan a kife. Matakalar mita 5 tana da matakai wajen sittin, fiye da rabinsu ba a ganinsu a kowane lokaci.

Duk wannan yana zaune ne cikin dogon firam na ƙarfe da aka ɗora kansa biyu a kan kankaren benayen. A kan sama, ƙarƙashin farantin da ake takawa in an sauka, akwai rami. A nan injin lantarkin yake, da giyabos, da birki, da akwatin sarrafawa. Injin yana juya giyabos, giyabos yana jan wata gajeriyar sarƙa mai kauri, ita kuma tana juya manyan tayoyin ƙarfe masu haƙora da ke jan sarƙar matakan. An sa injin a sama ne don ya riƙa jawo nauyi, sarƙar ta zauna a miƙe. A ramin ƙasa kuma akwai wani firam mai zamewa da sifirin ke riƙe da shi, aikinsa ya ɗaure sarƙar kada ta yi sako-sako. Idan sarƙar ta saki ko ta tsinke, firam ɗin zai motsa daga wurinsa ya taɓa makunni, injin ya tsaya.

Ƙarfin injin ba shi da yawa kamar yadda ake zato. Ɗaga mutum 6,000 masu nauyin kilo 70 zuwa tsayin mita 5 cikin awa ɗaya bai kai kilowat 6 ba, ban da abin da gogayya ke ci. Nauyin matakan kansu ba ya shiga lissafi sosai, domin masu hawa da masu komawa suna daidaita juna.

Dabarar da ta fi burgewa ita ce yadda mataki ke zama a kwance alhali yana hawa gangare. Kowane mataki yana da ƙananan tayoyi huɗu: biyu a jikin sarƙa, biyu a ƙasansa, kuma kowane biyu suna bin layin ƙarfensu daban. A tsakiyar gangare, an jera layukan yadda kowane mataki zai ɗara na bayansa da wajen santimita 20, a sami siffar matakala. Da an kusa baki, sai tazarar layukan ta canja a hankali, matakan su sauko su yi daidai da juna, su zama shimfiɗaɗɗen daɓe. Ba wata na'ura mai ƙwaƙwalwa ke yin wannan ba, lanƙwasar ƙarfe ce kawai. Ana barin aƙalla matakai biyu a kwance a kowane baki, uku idan matakalar doguwa ce, don ƙafa ta sami inda za ta daidaita kafin hawa ya fara.

Milimita huɗu

Ba a tsakiyar mataki gizo ke saƙar ba. Haɗarin yana inda abu mai motsi ya haɗu da abin da ke tsaye, kuma wuraren uku ne: baki, gefe, da ramin da robar riƙo ke shiga.

A baki akwai matsefi, farantin nan mai haƙora, sau da yawa ruwan ɗorawa. Tsagogin da ke saman mataki ba don ado aka yi su ba, kuma ba don hana santsi kaɗai ba. Haƙoran matsefin suna shiga cikinsu, zurfin aƙalla milimita 4, su yaye duk abin da ke kan matakin su turo shi waje. An ƙera haƙoran su karye idan abu mai tauri ya maƙale, maimakon su lalata matakin, kuma farantin kansa idan an tura shi da ƙarfi yana kashe injin. Amma haƙori da ya karye ya bar giɓi, giɓin nan kuwa shi ke cin yatsan yaro da igiyar takalmi. Matsefin gunduwa-gunduwa ne, da 'yan kusoshi ake ɗaure kowace, canjinta ba ya cin lokaci. Duk matakalar da aka gani da haƙora biyu a jere sun karye tana aiki, to masu wurin sun yi sakaci.

A gefe kuwa, tsakanin mataki da bangon ƙarfen da ke tsaye, ƙa'ida ta ce tazarar kada ta wuce milimita 4 a kowane ɓangare, jimillar biyun kada ta wuce 7. Takalmin fata mai tauri ba zai shiga nan ba. Takalmin roba mai laushi, irin silifas da wanda yara ke sawa, idan ya goga da bangon yakan kama, ya lanƙwashe, tazarar ta haɗiye shi da yatsun da ke ciki. Burushin da ke jere a gefen an sa shi ne don ya taɓa ƙafa mutum ya janye. Mutane da yawa sun ɗauka na goge takalmi ne, sai su cusa ƙafa daidai inda ake korar ta.

Wannan ya shafe mu kai tsaye saboda suturarmu. Babbar riga, zane, doguwar abaya, hijabi mai jan ƙasa, bakin haramin mahajjaci, duk suna sauka daidai inda tazarar take. Alhazai da yawa a filin jirgi, ko Masallacin Harami, ko wurin jifa a Mina suke fara taka irin wannan matakala, cikin cunkoso da gajiya, da silifas a ƙafa. Ya kamata masu bitar alhazai su ware wa wannan minti biyar. Abin da za a koyar kaɗan ne: a tattare tufa da hannu ɗaya ta bar ƙasa, a riƙe roba da ɗayan, a taka tsakiyar mataki cikin layin ruwan ɗorawa da ke jikinsa, ba kan mahaɗar matakai biyu ba, a fuskanci gaba, a ɗaga ƙafa a baki kada a ja ta. Wanda ya sauka kuma ya matsa nan take. Tsayawa a baki don gyara mayafi ko jiran abokin tafiya shi ke sa na baya su faɗo a kan juna, domin matakalar ba ta daina kawo su.

Robar riƙo tana da nata injin jan, wanda ke karɓar ƙarfi daga babbar tayar nan, kuma da gogayya ake janta. A cikinta akwai wayoyin ƙarfe da ke hana ta miƙewa. An yarda ta fi matakai gudu da abin da bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, amma ba a yarda ta gaza su ba. Dalili: idan hannu ya ɗan yi gaba, mutum yakan gyara riƙo bai ma lura ba, idan hannu ya yi baya a kan hawa, jiki na iya kifewa ta ƙeya. Roba da ke tsayawa tana fizga alama ce tayar da ke janta ta cinye ko ɗaurin ya saki. Ramin da take shigewa a ƙasa kuwa daidai tsayin yaro mai rarrafe yake, shi ya sa aka sa masa makunni na musamman.

Idan kulawa ta yi rauni

Matakala cike da mutane tan-tan ne na nauyi a rataye a gangare, sarƙa da birki kaɗai ke riƙe da shi. Birkinta da sifirin yake kamawa, wuta ce ke buɗe shi, saboda haka da wuta ta ɗauke yake damƙewa. Ba a so ya kama da ƙarfi fiye da kima, kada mutane su zube; a gudun rabin mita, ana so ta tsaya tsakanin santimita 20 da mita 1. Sai dai wannan birkin a wajen injin yake. Idan gajeriyar sarƙar da ke tsakanin giyabos da babbar taya ta tsinke, ya zama ba ya riƙe komai. Don haka ake ƙara birki na biyu a jikin babbar tayar kanta, kuma wajibi ne idan tsayin ya wuce mita 6.

Abin da ya faru a wani babban kanti a unguwar Mong Kok ta Hong Kong a watan Maris na 2017 ke nan. Matakala mai tsawon mita 45 tana hawa da mutane, sai ta juya baya da gudu, mutum 18 suka ji rauni. Bincike ya nuna sarƙar injin ce ta tsinke don ƙarfen ya gaji, na'urar da ya kamata ta ji tsinkewar ta kama birki na biyu kuma ta ƙi motsi, saboda giris da datti sun daskare a jikinta, sannan ɗaya daga sifirin ɗinta a kulle yake. Kariyar tana nan a wurinta, ba a dai gwada ta yadda ya kamata ba.

A Jingzhou ta ƙasar Sin, a watan Yulin 2015, farantin da ke rufe ramin inji ne ya kife da wata mata a kan sama. Ta tura ɗanta ya tsira, ita ta rasu. Ma'aikatan kantin sun ga farantin yana motsi mintuna kaɗan kafin nan, amma ba su kashe matakalar ba. Jan maɓallin tsayarwa yana kowane baki, yawanci ƙasa-ƙasa kusa da inda robar ke shigewa, kuma kowa yana da damar danna shi. Mai gadi da mai shara su ne suka fi kusa da matakala kullum, su ya kamata a fara nuna wa inda yake, a kuma tabbatar musu ba wanda zai tuhume su don sun tsayar da ita.

Gobarar tashar King's Cross a Landan, ranar 18 ga Nuwamba 1987, ta ci rai 31. Ashana ce mai wuta ta faɗa ta gefen matakala mai matakan katako, ta tarar da giris da ya haɗu da ƙura da tarkace a kan layin ƙasa. Gangaren ya sa harshen wutar ya kwanta a jikin matakan yana gasa na gaba, har ta tashi gaba ɗaya ta afka zauren sayar da tikiti. Bayan haka aka bi aka cire matakalun katako daga tashoshin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Katakon ya tafi, amma giris da datti suna taruwa a ramin kowace matakala har yau.

A ƙasashenmu abu biyu ke ƙara wa wannan nauyi. Na farko ƙurar hunturu: idan ta haɗu da man sarƙa takan zama laka mai cin ƙarfe, ta cinye boris ɗin tayoyi, ta daskarar da makunnan kariya. Ƙara mai a kan datti ba gyara ba ne, sai an wanke tukuna. Na biyu wuta. Injin da layin wuta uku yake aiki. Idan ɗaya ya ɗauke, ko aka juya jerinsu wajen haɗa janareta, zai iya ƙonewa ko ya juya baya, sai in akwai na'urar da ke lura da layukan. Kowane ɗauke wuta kuma tsayawa ce ba zato ga wanda bai riƙe roba ba. Idan wuta ta dawo, bai halatta matakalar ta tashi da kanta da mutane a kai ba. Ma'aikaci ne zai duba ya ga ba kowa, sannan ya murɗa makulli. Wanda zai sayi matakala ya fara tambayar wa zai riƙa duba ta a kai a kai, kuma kwana nawa tayar mataki ko gunduwar matsefi za ta yi kafin ta iso. Rashin wannan amsar ne ke sa a ga sabon gini da matakala a tsaye wata da watanni.

Matakala a tsaye kuwa ba ta zama matakala ta gari. Matakanta sun fi na bene tsayi, na baki da baki kuma ba su daidaita ba, wani gajere wani dogo. Ga shi jiki ya saba da cewa wurin nan motsi yake, sai mutum ya ji ya ɗan yi tangaɗi a takun farko ko da idonsa ya ga a tsaye take. Tsofaffi sun fi faɗuwa a nan. In akwai matakalar siminti kusa, ita ta fi.

A tsaya ko a taka?

A Landan a dama ake tsayawa, a bar hagu ga masu sauri. A Tokyo hagu ake tsayawa, a Osaka dama. Ladabi ne mai kyau a ido, amma yana da tsada: an bai wa 'yan kaɗan rabin matakala. Hukumar sufurin Landan ta gwada abin a tashar Holborn a 2015 da 2016, a kan matakala mai tsayin fiye da mita 23, inda ba kowa ke iya takawa har sama ba. Da aka ce kowa ya tsaya, dama da hagu, yawan mutanen da take kaiwa ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin ɗari. A Japan, lardin Saitama ya kafa dokar tsayawa a 2021, birnin Nagoya ya bi a 2023. Hujjar masu cewa a tsaya ta fi ƙarfi, musamman a doguwar matakala da lokacin cunkoso. Akwai kuma wanda shanyewar ɓarin jiki ta bar shi da hannu ɗaya mai aiki. Idan hannun ya faɗo ɓangaren masu sauri, ina zai riƙe?

Wasu biranen sun fitar da ita daga gini sun mai da ita hanyar unguwa. A Hong Kong, jerin matakalun Central zuwa Mid-Levels da aka buɗe a 1993 ya kai tsawon mita 800, yana hawa mita 135. Da safe gangarowa yake yi da masu zuwa aiki har ƙarfe 10, sannan a juya shi ya riƙa hawa har tsakar dare. A Medellín ta Kolombiya, unguwar talakawa ta Comuna 13 da ke manne a jikin tsauni ta sami matakalu masu tsawon mita 384 a 2011, kashi shida, kyauta. Hawan da ke cin wajen rabin awa ya koma kamar minti shida.

Sai dai akwai waɗanda ba ta ɗauka, kuma mai gini ya san da su tun a zane. Keken guragu, keken jarirai, da amalanken kaya ba su da wurin zama a kan mataki mai zurfin santimita 40. Tayar gaba takan maƙale a matsefi, kayan su juyo kan na baya. Makaho mai sanda da tsohon da jiri ke ɗiba su ma lif ya fi musu. Don haka duk inda aka kafa matakalar lantarki, ana bukatar lif kusa da ita inda ido zai gan shi daga bakinta, da alamar da ke nuna shi, da matakalar siminti mai faɗin da zai ɗauki jama'ar wurin ranar da aka rufe ta don gyara.